Roger Waters: Makaɗin da Bakinsa Ya Fi Jitarsa Ƙara

Duk mai bibiyar labarin Falasɗinu a waya zai yi wuya a ce bai taɓa cin karo da shi ba: wani dogon dattijo Bature, furfura ta cinye kai da gemu, wani lokaci da rawanin Falasɗinawa a wuya, yana magana da zafi. Sunansa Roger Waters. Da yawa a cikinmu muna tura bidiyonsa muna sa masa albarka, ba mu san cewa ya shafe shekara 20 yana kaɗa jitar bes a Pink Floyd ba, ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin kiɗan rok da Ingila ta haifa. Ba mu kuma san cewa abokan da ya yi wannan tafiya da su, wasunsu ko gaisawa ba sa yi da shi yanzu. Na daɗe ina sauraron kiɗansa, ina kuma goyon bayan abin da yake faɗa a kan Falasɗinu, shi ya sa nake ganin ya kamata a san mutumin ciki da bai.

A fara da kayan aikinsa. Jitar bes ba ita ce mai kukan nan mai tsini da ke sa matasa ihu ba. Tsirkiyarta huɗu ce, masu kauri, amonta na ƙasa-ƙasa ne, ƙirji ke fara jin sa kafin kunne ya tantance. Aikinta ta ɗaure mai ganga da sauran makaɗa kada kowa ya kama gabansa. Waters bai taɓa zama gwanin gwanaye a kanta ba. A waƙoƙi irin su "Hey You" da "Pigs", abokin aikinsa David Gilmour ne ya kaɗa bes ɗin a situdiyo. Amma akwai waƙa guda da ta isa a tuna da shi har abada, wato "Money" ta 1973.

Na fara jin ta ne a wani kaset da yayana ya dawo da shi daga jami'a a Zariya. Turancin bai shige ni ba a lokacin, amma ƙafata ta rasa inda za ta sauka, kuma wannan ne ya kama ni. Yawancin kiɗan zamani bugu huɗu-huɗu yake tafiya, shi ya sa ko yaro zai iya bin sa da tafi. Waters ya gina tasa a kan bugu bakwai. Ka ƙirga ɗaya zuwa bakwai, sai zagayen ya koma farko, kana jiran na takwas bai zo ba. Kafin ma jitar ta shigo, abin da za ka ji shi ne ƙarar tsabar kuɗi, da yagar takarda, da buɗewar akwatin kuɗin kanti. Babu kwamfutar haɗa kiɗa a wancan zamani. Zaren faifai aka yanka gunduwa-gunduwa aka liƙa har ƙarar kuɗin da kanta ta zama kiɗa mai bugu bakwai. Sai can tsakiya, da Gilmour zai saki jitarsa, waƙar ta koma bugu huɗu, mai sauraro ya samu ya numfasa. Mutumin da ya karanta zanen gine-gine ne ya tsara wannan, kuma ana jin hakan.

An haife shi ranar 6 ga Satumban 1943 a gundumar Surrey. Mahaifinsa, Eric Fletcher Waters, malamin makaranta ne da ya fara ƙin shiga soja saboda aƙida, ya zaɓi tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya lokacin da jiragen Jamus ke ruwan bama-bamai a Landan. Daga baya ya sauya ra'ayi ya sa kaki. An kashe shi a fagen Anzio a Italiya ranar 18 ga Fabrairun 1944, Roger na da wata biyar, kuma ba a ga gawarsa ba. Kakansa ma a Yaƙin Duniya na Ɗaya ya rasu. Uwarsa ta tattara 'ya'yanta biyu ta koma Cambridge. Wanda bai riƙe wannan labari ba ba zai gane Waters ba, domin kusan duk abin da ya rubuta, da duk rigimar da ya shiga, daga wannan maraici suka tsiro.

A kwalejin Regent Street da ke Landan ya haɗu da Nick Mason mai ganga da Richard Wright mai piyano. A 1965 suka kafa Pink Floyd tare da Syd Barrett, wanda shi ne ainihin jagora kuma marubucin waƙoƙinsu. Ƙwaya da taɓin hankali suka kayar da Barrett, a 1968 ya bar ƙungiyar, Gilmour ya maye gurbinsa. A hankali alƙalami ya koma hannun Waters. Duk baitocin The Dark Side of the Moon shi ya rubuta su: tsoron mutuwa, gudun lokaci, kwaɗayin dukiya, hauka. An sayar da kwafi fiye da miliyan 45, faifan kuma ya yi sama da mako 700 a jerin waɗanda suka fi kasuwa a Amurka. A 1975, suna cikin ɗaukar faifan Wish You Were Here a situdiyon Abbey Road, wani mutum mai ƙiba ya shigo, ya aske kai har da gira. An jima kafin su gane Barrett ne, wanda suke rera waƙa a kansa. Waters ya fashe da kuka.

Mutumin da ya yi wannan kuka shi ne kuma, a Yulin 1977, ya tofa wa wani ɗan kallo yawu a fuska a filin wasa na Montreal a Kanada, don hayaniyar jama'a ta ishe shi. Abin ya dame shi matuƙa, kuma daga wannan kunya ya fito da The Wall, wato katanga, a 1979. Labarin wani mawaƙi ne da ubansa ya mutu a yaƙi, malamai suka wulaƙanta shi, uwa ta danne shi da tsoro, ya yi ta jera tubali tsakaninsa da mutane har ya rikiɗe ya zama azzalumin shugaba a cikin kansa. Idan ana wasan a dandamali, katanga ake ginawa da gaske a gaban makaɗan har su ɓace wa 'yan kallo, a ƙarshe a rushe ta. Waƙar da 'yan makarantar Islington Green suka yi wa amshi, "Another Brick in the Wall", ta isa har Afirka ta Kudu, inda ɗalibai masu ƙaurace wa karatun wariyar launin fata suka mayar da ita tasu. Gwamnatin farar fata ta haramta ta a 1980.

Sai dai a daidai lokacin da yake wa duniya wa'azi a kan zalunci, a cikin gida ya zama mai mulkin kama-karya. Ya matsa sai da aka kori Wright, abokinsa tun suna ɗalibai, wanda ya dawo yana kaɗa musu a matsayin ɗan ƙwadago mai albashi. A 1985 Waters ya fice, a 1986 ya nufi kotu don a hana sauran amfani da sunan Pink Floyd, a ganinsa ba shi ba ƙungiya. Bai yi nasara ba. An sasanta a ƙarshen 1987, kuma sai a 2013 ya amsa a wata hira da BBC cewa bai kyauta ba. Sau ɗaya tak su huɗun suka sake hawa dandamali tare, a bikin Live 8 na Landan ranar 2 ga Yulin 2005, wanda aka shirya don matsa wa manyan ƙasashe su yafe wa Afirka bashi. Wright ya rasu a 2008.

Batun Falasɗinu ya shigo rayuwarsa a 2006. An shirya masa wasa a Tel Aviv, sai masu fafutuka suka roƙe shi ya je ya ga katangar da Isra'ila ta gina a Yammacin Kogin Jodan. Ya je, ya gani da idonsa, ya mayar da wasan ƙauyen Neve Shalom inda Larabawa da Yahudawa ke zaune tare. A 2011 ya fito fili ya goyi bayan ƙaurace wa Isra'ila, ya kuma riƙa bin mawaƙa ɗaya bayan ɗaya yana roƙon kada su yi wasa a can. Wannan ya jawo masa asarar kuɗi da abokai a lokacin da yawancin taurarin Yamma suka kama bakinsu. Ina girmama shi a kan haka, kuma ba na jin kunyar faɗa. A 2019 ma da kuɗinsa aka ɗauki jirgi aka kai wata uwa 'yar Trinidad ta karɓo 'ya'yanta biyu da suka maƙale a wani sansani a Siriya.

Wasu daga cikin zarge-zargen da ake masa ba su da tushe. A Mayun 2023 'yan sandan Balin sun buɗe bincike saboda ya fito da doguwar baƙar riga da jan ƙyalle a damtse, shigen kayan 'yan Nazi. Wannan shiga ta azzalumin cikin The Wall ce, wadda ke cikin wasan tun 1980 da kuma fim ɗin 1982, kuma tsine wa mulkin fir'aunanci take yi. Mutumin da sojojin Hitler suka mayar maraya ba zai yi musu talla ba. Hukumar birnin Frankfurt ta nemi soke wasansa a wannan shekara, kotu ta ce a bar shi ya yi.

Amma akwai inda ba zan iya kare shi ba. Katafaren balan-balan mai siffar alade ya daɗe yana cikin wasannin Pink Floyd, tun faifan Animals na 1977. A 2013, a Beljiyam, an ga aladen ɗauke da tauraron nan mai kusurwa shida, alamar addinin Yahudawa. Da aka yi ca a kansa, hujjarsa ita ce ai akwai gicciye a cikin wasan, akwai jinjirin wata da tauraro, akwai tamburan manyan kamfanoni. Mai karatu Musulmi ya tsaya a nan ya tambayi kansa ko wannan amsa ta gamsar da shi. Ni ba ta gamsar da ni ba. A Turai, inda aka yi ɗaruruwan shekaru ana sassaƙa Yahudawa tare da alade a jikin majami'u don cin mutunci, wanda ya san tarihi irin Waters ya san me yake taɓawa. Gwamnatin Isra'ila daban, addinin mutane daban, kuma akwai Yahudawa da yawa a sahun gaba na masu kare Falasɗinawa. A 2023 Bob Ezrin, wanda ya tsara ɗaukar The Wall tare da shi, ya ce ya taɓa jin sa yana rera waƙar ba'a ga wani wakilin ƙungiyar saboda Bayahude ne. Waters ya musanta ƙyamar Yahudawa, ya kira fim ɗin da aka faɗi hakan a ciki farfaganda, amma ya amsa cewa shi mai sakin baki ne. Baki kuwa shi ke yanka wuya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda tausayinsa ke zaɓar wanda zai sauka a kansa. A 2018, a wani wasa a Barcelona, ya kira 'yan agajin Siriya masu fararen hulunan kwano ƙungiyar bogi. Waɗannan su ne masu tono yara daga ɓaraguzan gidaje a Aleppo da Idlib. Yaron Aleppo da na Gaza jini ɗaya ne ke zuba daga jikinsu. A Fabrairun 2023 ya yi jawabi ga Kwamitin Tsaro na Majalisar Ɗinkin Duniya bisa gayyatar Rasha. Ya ce mamayar Yukren ta saɓa doka, ya kuma ƙara da cewa tsokanar Rasha aka yi. Kafin nan an riga an soke wasanninsa a Krakow ta ƙasar Folan. Kamar dai ya yanke cewa duk wanda ke gaba da Amurka yana da uzuri. Wannan aƙida ba ta dace da marayan Anzio ba, kuma tana ba maƙiyan Falasɗinu sandar da za su doke shi, su doki abin da yake karewa tare da shi.

A watan da ya yi wancan jawabi, Polly Samson, matar Gilmour, ta zarge shi a Twitter da ƙyamar Yahudawa da kare Putin, Gilmour kuma ya ce kowace kalma gaskiya ce. Waters ya ƙaryata. A 2024 aka tambayi Gilmour ko zai sake hawa dandamali da shi, ya ce sam. A shekarar ne kuma kamfanin Sony ya sayi faya-fayan Pink Floyd a kan kimanin dala miliyan 400, bayan cinikin ya daɗe yana tangal-tangal.

Hukuncina shi ne Waters ya yi gaskiya a kan Falasɗinu, ya yi kuskure babba a kan Siriya da Yukren da batun aladen nan, kuma gaskiyar farko ba ta wanke sauran ba. Mu ɗauki maganarsa inda take da hujja, mu ƙi ta inda ba ta da ita, kada mu mayar da shi waliyyi don ya faɗi abin da muke son ji. Wanda kuma bai taɓa jin kiɗansa ba, ya nemi The Dark Side of the Moon. Minti 43 ne kacal. A saurare shi daga farko zuwa ƙarshe ba tare da tsallake waƙa ba, domin haka aka gina shi.