Tsohon radiyo mai ji da magana

Akwai radiyon da ba sauraro kaɗai ake yi da shi ba. Mai shi, in ya samu izinin hukuma, yakan kira wani a ƙetaren teku su gaisa. Alamar kiran ƴan Nijar tana farawa da 5U.

Har yau masu wannan sha'awa suna neman FT-101, wanda kamfanin Yaesu na Japan ya fitar a 1970, domin ana buɗe shi a gyara da hannu.

Amma tsoho sai da lallashi. A lulluɓe shi saboda ƙurar hunturu, in an kunna a bar masa iska. Kada a yi kira ba eriya, kwalaben cikinsa za su lalace. Mai gyara kuwa ya yi hattara: wutar cikinsa takan kai bolt 600, kuma tana saura bayan an kashe shi.