Fadar Mai Turare Da Ta Koma Otel A Faransa

A kudu da birnin Tours na ƙasar Faransa, kusa da wani ƙaramin gari da ake kira Montbazon, akwai wani katafaren gida bisa tudu yana kallon kogin Indre. Sunansa Artigny. Tun zamanin yaƙin nan na shekara ɗari tsakanin Faransa da Ingila akwai ganuwa a wurin, amma ginin da ke tsaye yanzu aikin mutum ɗaya ne, wato François Coty, attajirin turare.

An haifi Coty a tsibirin Kosika a 1874. Ya gane abin da kowane mai tireda ya sani, cewa kwalba mai kyau ita ke sayar da turare, har ya zama ɗaya daga cikin manyan masu kuɗin Faransa. A 1912 ya sayi Artigny, ya sa aka rushe tsohon gidan, aka shiga sabon gini da farin dutse, ba a gama ba sai wajen 1929. An ce a saman bene ya sa aka yi kicin, don kada ƙamshin girki ya dami hancinsa. To, mutumin da hanci ne jarinsa, ba a ga laifinsa ba.

Amma fa bai daɗe yana jin daɗin gidan ba. Ya zuba dukiya a jaridu da siyasa, rabuwarsa da matarsa ta ci kuɗi masu yawan gaske, ga kuma karyewar tattalin arzikin duniya a 1929. Ya rasu a 1934, masu bin bashi suna jira.

Daga nan gidan ya shiga hannu-hannu. A lokacin yaƙin Hitila sojojin Jamus sun zauna a ciki, an kuma taɓa mai da shi wurin kwantar da majinyata. Gida irin wannan kuwa, gyaran rufinsa kaɗai ya isa ya talauta magada. A 1959 René Traversac ya saye shi, a 1961 aka buɗe shi otel, duk mai kuɗin biya ya kwana inda da sai an gayyace shi.

A watan Nuwamba na 1973, ana tsakiyar rikicin man fetur, a nan ne ministocin kuɗi na Amurka da Ingila da Faransa da Jamus ta Yamma da wakilin Japan suka keɓe suka yi shawara.