Daga Kainji zuwa Sakatariya: Abin da ke sa babban layin wuta durƙushewa

Duk ranar da fanka ta tsaya cak a Sakatariyar Tarayya, aka ce babban layin wutar lantarki na ƙasa ya durƙushe, kamfanin AEDC ake fara zargi, alhali shi ne na ƙarshe a jerin.

Wutar tana fitowa ne daga tashoshin iskar gas irin su Egbin a Legas, da madatsun ruwa na Kainji da Jebba da Shiroro. Kamfanin TCN ke dakonta a layuka masu ƙarfin kilobolt 330 da 132, domin hakan na rage asara a doguwar tafiya. Daga nan taransifomomi su sassauta ta zuwa 33, sannan 11, kafin ta shiga unguwanni.

Sai dai wannan wuta ba ta da rumbu. A daƙiƙar da aka samar da ita ake shan ta. Shi ya sa injiniyoyin cibiyar Osogbo ba sa ɗauke ido daga ma'auni ɗaya, wato bugawa 50 a daƙiƙa. Idan gas ya yanke wa babbar tasha, ko ɓarayi suka kayar da turke, ma'aunin sai ya karkace, sauran injina su kashe kansu gudun lalacewa. Tayar da su kuwa sai bi da bi, galibi daga madatsun ruwa, kuma yakan ci awanni.