William Wallace na Fim da William Wallace na Tarihi

A shekarar 1995 aka saki fim ɗin Braveheart, wanda Mel Gibson ya ba da umarninsa kuma ya fito a matsayin jaruminsa, fim ɗin da ya lashe lambobin yabo na Oscar guda biyar, ciki har da na gwarzon fim da na gwarzon darakta. Tun daga lokacin, yawancin abin da mutanen duniya suka sani game da William Wallace, jagoran yaƙin Sikotland da aka kashe a Landan a 1305, daga wannan fim suka samo shi. Masana tarihi sun daɗe suna ƙirga kurakuransa, sai dai kurakuran ba nauyinsu ɗaya ba, domin kuskuren tufafi daban yake da sauya dalilin da ya sa mutane suka fita fagen fama.

Rikicin ya samo asali ne daga gadon sarauta. Sarki Alexander na Uku ya faɗo daga kan doki ya mutu a 1286, jikarsa Margaret, wadda ita kaɗai ta rage a zuriyarsa, ta rasu tana ƙaramar yarinya a 1290, sai manyan gidaje suka shiga takaddama kan karagar mulki. An gayyaci Sarki Edward na Ɗaya na Ingila ya raba gardama, ya zaɓi John Balliol a 1292, amma da sharaɗin a amince cewa shi ne uban gidan sarkin Sikotland. Da Balliol ya nemi kuɓucewa ta hanyar ƙulla ƙawance da Faransa, Edward ya kai mamaya a 1296, ya yi kisan kiyashi a garin Berwick, ya tuɓe sarkin, ya kuma ɗauke dutsen da ake naɗa sarakunan ƙasar a kansa. Wato a lokacin ƙuruciyar Wallace ƙasar tana da sarkinta kuma tana zaune lafiya da maƙwabciyarta, saɓanin yadda fim ɗin ya nuna shi ya taso a ƙarƙashin danniyar Ingilawa.

Takardun zamanin Wallace da suka ambace shi kaɗan ne, kuma da yawansu abokan gabarsa ne suka rubuta. Marubucin labarin fim ɗin, Randall Wallace, ya dogara ne da wata doguwar waƙar baka da ake jinginawa ga Blind Harry, mawaƙin da ya tsara ta kusan shekara 170 bayan mutuwar jarumin, a lokacin da wasu manyan Sikotland ke adawa da sasantawa da Ingila. Daga waƙar aka samo labarin matar da hakimin Lanark ya kashe har Wallace ya ɗauki fansa, alhali abin da tarihi ya tabbatar shi ne kawai ya kashe hakimin, William Heselrig, a 1297. Waƙar ta kira mahaifinsa Malcolm, fim ɗin ma ya bi ta, amma hatimin Wallace, wanda ke jikin wata wasiƙar 1297 da aka aika wa fataken Lübeck da Hamburg na ƙasar Jamus, ya nuna cewa sunan mahaifin nasa Alan. Wasiƙar tana sanar da fataken ne cewa tasoshin ruwan Sikotland sun sake buɗewa ga ciniki, abin da ke nuna mutum ne mai tafiyar da gwamnati, ɗan gidan ƙananan masu ƙasa, wanda ya san sha'anin haraji da hulɗar ƙasashe, har ya je fadar sarkin Faransa neman goyon baya bayan an ci shi da yaƙi a Falkirk a 1298.

Kurakuran gani da ido sun fi shahara, amma sun fi sauƙin yafewa. Zane mai ratsi da ake ɗaurawa a ƙugu, wanda aka san mazan Sikotland da shi, sai a ƙarni na 16 ya bayyana, kuma tufafin mutanen tsaunukan arewa ne, yayin da Wallace ɗan kudu ne da zai saka sulke da kwalkwali kamar kowane mayaƙin Turai na zamaninsa. Shuɗin fentin fuska kuwa al'ada ce da marubutan Rumawa suka danganta ga mazauna tsibirin fiye da shekara dubu kafin nan. Soyayyarsa da Gimbiya Isabella ita ce ta fi ban dariya: tana da kimanin shekara goma a Faransa lokacin da aka kashe shi, ba ta auri Edward na Biyu, ɗan Edward na Ɗaya, ba sai 1308, ɗan da fim ɗin ya nuna kamar na Wallace ne kuwa a 1312 aka haife shi.

Yaƙin Gadar Stirling, wanda aka gwabza ranar 11 ga Satumba 1297, shi ne inda fim ɗin ya yi asarar labari mafi armashi, domin an ɗauke shi a buɗaɗɗen fili a ƙasar Ailan, babu gada babu kogi. A haƙiƙa gadar katako ce siririya a kan Kogin Forth, wadda mahaya biyu kawai ke iya hayewa kafaɗa da kafaɗa, bayanta kuma akwai fadama mai laka da dawaki masu nauyin sulke ba sa iya sukuwa a cikinta. An ba shugabannin Ingilawa shawarar su tsallaka ta wani mashigi da ke sama, amma ma'ajin Edward, Hugh de Cressingham, ya ƙi saboda gaggawa da gudun kashe kuɗi. Mayaƙan Sikotland suka yi kwanton ɓauna a kan tudu har sai da wani ɓangare na rundunar ya haye, sannan suka gangaro da māsu suka toshe bakin gadar, waɗanda suka haye suka rasa hanyar komawa, waɗanda ke ƙetare kuma suna kallo ba su da ikon kai ɗauki. Dabara ce ta ci yaƙin, kuma rabin dabarar ta Andrew Moray ce, wanda ya jagoranci tawayen arewa ya kuma mutu sakamakon raunukan da ya samu a ranar, amma ko sunansa ba a ji ba a fim ɗin.

Babbar karkatarwar tana ga manufar yaƙin. Wallace ya riƙe muƙamin mai tsaron masarauta, wato wakilin da ke mulki a madadin sarkin da ba ya nan, kuma da sunan John Balliol yake fitar da takardunsa, domin burinsa shi ne mayar da halastaccen sarki kan karagarsa. Fim ɗin ya share Balliol daga wannan gwagwarmaya, ya maye gurbinsa da 'yanci irin na siyasar zamani, sannan ya ƙara da tatsuniyar cewa an ba hakimai damar kwana da amarya a darenta na farko, dokar da babu shaidar an taɓa aiki da ita. Da aka cire Balliol, halin Robert Bruce, wanda daga baya ya zama sarkin Sikotland, ya zama ba shi da wata fassara sai raunin zuciya, alhali gidansa ne babban abokin hamayyar gidan Balliol, don haka nasarar Wallace tana nufin rufe masa ƙofar sarauta. Wannan ne ya sa ya riƙa sauya ɓangare, har ya yi wa Edward mubaya'a a 1302, ko da yake yawancin masana ba su yarda cewa ya yaƙi Wallace a Falkirk ba. Hatta laƙabin Braveheart, wato jarumar zuciya, ga Bruce al'ada ta fi jingina shi, domin bayan rasuwarsa a 1329 amininsa James Douglas ya ɗauki zuciyarsa da nufin kai ta Ƙudus, aka kashe shi a yaƙin Teba da ke Sifen a 1330, aka dawo da zuciyar aka binne a Melrose.

Fim ɗin Outlaw King, wanda David Mackenzie ya shirya wa Netflix a 2018, ya fi kula da waɗannan abubuwa. Mayaƙansa suna sanye da sulke, ya nuna katafaren majaujawar da Edward ya yi amfani da ita a ƙawanyar Stirling ta 1304, kuma bai ɓoye cewa Bruce ya soki abokin hamayyarsa John Comyn a cikin coci a Dumfries a 1306 ba. Duk da haka, da aka zo ƙarshe sai buƙatar wasan kwaikwayo ta rinjayi takarda: an nuna Edward na Ɗaya ya mutu kafin yaƙin Loudoun Hill na watan Mayun 1307, alhali a watan Yuli ya mutu, sannan aka kawo ɗansa fagen domin ya yi fito-na-fito da Bruce, shi kuwa bai halarci yaƙin ba.

Tasirin Braveheart bai tsaya a gidajen kallo ba. Masu ziyartar hasumiyar tunawa da Wallace, wadda aka kammala a 1869 kusa da Stirling, sun ƙaru sosai, kuma masu rajin cin gashin kai sun yi amfani da farin jinin fim ɗin a shekarun da suka kai ga ƙuri'ar raba gardama kan kafa majalisar dokokin Sikotland, wadda aka kaɗa ranar 11 ga Satumba 1997, shekara 700 cif bayan yaƙin gadar. A shekarar ce aka kafa wani mutum-mutumin Wallace a gindin hasumiyar, wanda aka sassaƙa da kamannin Mel Gibson, mutanen yankin suka yi ta ƙorafi, wasu suka riƙa lalata shi har aka kewaye shi da shingen ƙarfe, kafin a ɗauke shi daga wurin a 2008.