Jakar dafa dankali a maikirowef: gara tela ya bar wannan ɗinkin

Duk abin da ya shiga Kasuwar Dole ta Damagaram, ba a daɗewa sai a gan shi a Tirmini da ƙauyukan da ke bakin titin Maraɗi. Abin da ya shiga wayar salula kuwa ko mota ba ya jira. Cikin bidiyon koyon ɗinki da ke yawo a TikTok da YouTube akwai wata 'yar jaka mai ninki uku, yadi ciki da waje, auduga a tsakiya, wadda ake zuba dankalin turawa a ciki a tura ta cikin na'urar ɗumama abinci ta maikirowef. A Amurka ta yi tashe, inda aka yi ta tallar irinta a talabijin da sunan Potato Express, da alkawarin dankali zai nuna cikin minti 4. Ɗinkinta ba wuya, kuma telan da ƙyallaye suka taru a gindin kekensa zai ga kamar riba ce ta zo har gida. Ni dai a ganina bai kamata a ɗinka ta ba, balle a sayar wa mutane.

Dalilin yana cikin yadda na'urar ke aiki. Ba ta da harshen wuta, shi ya sa ake sakin jiki da ita. Wasu igiyoyi take aikawa waɗanda ido ba ya gani, su shiga abinci su motsa ruwan da ke cikinsa har ya yi zafi. Dankali kusan kashi 80 cikin 100 ruwa ne, kuma muddin ruwan nan yana nan, zafin ba ya wuce ma'aunin tafasa da yawa, wato digiri 100. To amma na'urar ba ta san an ƙoshi ba. Idan dankalin ƙarami ne, ko an ƙara minti biyu don a tabbatar ya nuna, sai wani gefe ya bushe, zafin ya taru a wuri guda ya haura nesa da digiri 100. A faranti, abin da za a samu shi ne dankali ya ƙone. A cikin jaka kuwa, busasshen yadi ne manne da wurin, ga auduga da aka saka musamman don ta hana zafi fita. Idan jakar ta sha mai ko sitacin dankali daga girkin jiya, abin ya fi sauri.

Masu kare jakar sukan ce matsalar ta yadin roba ce, in aka yi ta da auduga zalla shi ke nan. Akwai gaskiya a rabin maganar: yadin roba yana narkewa a wajen digiri 250, ya manne da abinci ko da fatar hannu, zaren ado mai ƙyallin ƙarfe kuma tartsatsi yake yi a cikin na'urar. Sai dai auduga ba ta narkewa ne kawai, kamawa kam tana yi. Kakanninmu da ita suke tarbar tartsatsin ƙyastu, domin sun san ta da riƙe wuta. Kuma cinta a ɓoye take yi: garwashi ya kama a tsakiyar ninki, waje lafiya lau, a ciro jakar a ajiye kan tabarma ko cikin kwandon tsumma, sai can an manta hayaƙi ya tashi. A Ostareliya 'yan kwana-kwana sun sha jan kunnen jama'a kan irin wannan, game da jakunkunan alkama da ake ɗumamawa a maikirowef don gasa jiki, waɗanda ke ci gaba da cin wuta a ƙarƙashin bargo. Jakar kamfani ma da gargaɗi take zuwa, cewa kada a wuce mintocin da aka ƙayyade kuma kada a bar ta ba mai kallo. Ta tela ba ta da takarda ko ɗaya.

Sannan wa zai rantse cewa abin da ya sayo auduga ce zalla? Atamfa mai araha da yawa gauraye take da roba, zaren da ke kan kekunan ɗinkinmu galibi na roba ne, kuma abin cusawa da ya fi kusa da hannu shi ne soson katifa ko audugar rimi. Audugar rimi kuwa tana cikin abubuwan da suka fi saurin kamawa.

Wani zai ce gidaje nawa ne a Tirmini ke da maikirowef har da za a tsaya ana wannan dogon bayani? Kaɗan ne, ba musu. Amma telan ƙauye yana yi wa mutanen birni ɗinki, na'urori na hannu suna shigowa daga waje, wasu farantinsu ya daina juyawa, wanda ke sa zafi ya tare a gefe guda, wasu kuma rubutun ƙarfinsu ya goge, ba a san ko wat 700 ba ne ko 1,000. Minti 4 a wannan ba daidai yake da minti 4 a waccan ba. Kuma gobara a wurinmu tsada gare ta. Inda dannin kara, zana da rumbun hatsi ke jere kusa da juna, ga iskar hunturu, kafin a kira lamba 18 motar ruwa ta taso daga birni, wuta ta gama abin da za ta yi. Mutanen Nijar ba su manta da yaran da suka rasu a azuzuwan zana a Yamai da Maraɗi a 2021 ba.

Mai son dankali da sauri ba ya buƙatar jaka. A huda dankalin da cokali mai yatsu, a sa a kwanon tangaran ko na gilashi da ɗan ruwa, a rufe da faranti, a tsaya a wurin. Kwanon silba da langa ba sa shiga. In wani abu ya kama a ciki, kada a buɗe ƙofar, domin iska ce wutar ke nema. A kashe, a zare waya daga bango, a bari ta mutu da kanta.

Telan da ke son ɗinkin kicin kuma yana da aikin da ya fi wannan amfani. A Afirka ta Kudu, a 2008, Sarah Collins ta fito da Wonderbag, babbar jaka mai kauri da ake saka tukunya a ciki bayan ta tafasa an sauke ta daga murhu, wake ko shinkafa su ƙarasa nuna da zafin da suka ɗauko. Yadi ne da abin cusawa kamar waccan, amma a nan an raba tukunya da wuta kafin yadi ya taɓa ta, don haka zafin raguwa yake yi, ba ƙaruwa ba. A garin da itacen girki ke ƙara tsada da nisa, wannan jakar kowane gida zai more ta, da lantarki ko babu. Sharaɗinta shi ne a duba gindin tukunya a kakkaɓe duk garwashin da ya maƙale, a shimfiɗa tsumma mai kauri a ƙasa, sannan a ɗaure bakin jakar.