Kada A Raina Wofin Gwangwani

Duk wanda ya zauna Sabo ta Badun, ko Agege da Idi-Araba a Ikko, ya san yadda ɗaki guda yakan zama wurin kwana, ya zama ma'aji, ya kuma zama madafa ran da ruwa ya ɓarke. Babu rumbu, babu faffaɗan tsakar gida irin na Arewa. Don haka uwargida mai dabara ba ta yar da gwangwani ko kwalba wai don abin ciki ya ƙare.

Babban abokin gaba a nan Kurmi shi ne laima. Kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da aka yo tsaraba daga gida, in aka bar su a buhu, kafin wata guda sun yi funfuna. To, gwangwanin Bournvita ko na Milo mai murfi shi ne magani. A wanke shi da sabulu, a shanya a rana ya bushe sarai, sa'an nan a zuba a rufe. Kyankyaso da ɓera sai dai su kewaya. Amma gishiri kwalba yake so, domin yakan ci ƙarfe ya sa tsatsa.

A kasuwa ma haka ne. Ma'aunin nan da matan Ikko ke kira "derika" ba wani abu ba ne illa gwangwanin tumatir na De Rica. Wadda ta ajiye nata a ɗaki tana iya sake auna shinkafa ko wake, ta gane ko an tauye ta. Ƙaramin gwangwanin madara kuwa, da shi maƙera ke yin fitila aci-balbal, yara kuma su yi asusu. Babba, in an huda gindinsa aka cika da ƙasa, sai a shuka ɗaɗɗoya a bakin ƙofa.

Sai dai akwai hattara. Kada a kuskura a zuba kananzir a kwalbar lemo, don yaro mai ƙishirwa ba ya tambaya. In kuwa tsautsayi ya sa ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, gama kananzir na iya shiga huhu. A ruga da shi asibiti. Haka nan jarkar da ta taɓa ɗaukar fiya-fiya ba ta sake ɗaukar ruwan sha ko mai, kome wankin da aka yi mata.

Gwangwanin da aka jefar a bayan gida kuma yakan tari ruwan sama, cikin kwana goma ya ƙyanƙyashe sauro, har da irin mai kawo zazzaɓin shawara. Wanda ba a bukata, a murƙushe shi, ko a tara wa 'yan gwangwan su saya. Ko ba kome an sami na cefane, an kuma tsare lafiyar yara.