ALAMOMIN RUBUTU A TURANCI DA MUHIMMANCINSU GA MALAMIN HAUSA

1.0 Gabatarwa

Mai magana yana da abubuwan da ke taimaka masa wajen isar da saƙo baya ga kalmomi. Yakan ɗaga murya ko ya sassauta ta, yakan dakata, yakan kuma yi nuni da hannu ko da fuska. Idan aka mayar da magana kan takarda, duk waɗannan sukan ɓace, sai kalmomi kaɗai. Alamomin rubutu su ne 'yan ɗige-ɗige da zane-zanen da marubuci ke sanyawa domin ya nuna wa mai karatu yadda kalmomin suka haɗu, da inda suka rabu, da irin jumlar da yake karantawa.

Malamin Hausa yana bukatar sanin ƙa'idojin waɗannan alamomi a Turanci saboda dalilai biyu. Na farko, daga Turanci rubutun boko ya aro su. Na biyu, ɗalibin da ke zaune a gabansa yana rubutu da harsunan biyu, kuma yakan kwashi al'adar wannan ya kai wa wancan. Wannan babi zai yi bayanin asalin alamomin, da aikin kowace, da wuraren da Turanci da Hausa suka sha bamban.

1.1 Asalin Alamomin Rubutu

A zamanin da, Girkawa da Rumawa sukan jera haruffa ba tare da barin fili tsakanin kalmomi ba, sai mai karatu ya raba su da kansa. Wajen shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani masani mai kula da ɗakin karatu na Iskandariyya, mai suna Aristofanis, ya ƙirƙiro ɗigo iri uku, na sama da na tsakiya da na ƙasa, domin nuna wa mai karatu a bainar jama'a tsawon dakatawar da zai yi. Ke nan tun farko alamomin sun shafi numfashi ne.

Na'urar ɗab'i ce ta sauya wannan. Bayan Gutenberg ya fito da ita a Jamus wajen 1450, William Caxton ya kai ta Ingila a 1476. A ƙarshen wannan ƙarni, maɗaba'ar Aldus Manutius da ke Italiya ta daidaita siffar waƙafi da waƙafi mai ruwa kamar yadda aka san su a yau. Da littattafai suka yawaita, karatun zuci ya bazu, sai alamomin suka koma nuna ginin jumla. Wannan shi ne tushen ƙa'idojin Turanci na yanzu: nahawu ne ke yanke hukuncin inda alama za ta zauna, ko da mai karatu bai ja numfashi a wurin ba.

A ƙasar Hausa, alamomin sun shigo tare da boko, wanda Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya tsara wa ƙa'idoji a 1912. Amma sunayen da aka ba wasunsu daga karatun Alƙur'ani aka ɗauko su. "Aya" da "waƙafi" duka kalmomin Larabci ne, kuma waƙafi na nufin tsayawa a cikin karatu. Wannan suna yana sa ɗalibi ya ɗauka cewa duk inda ya dakata, nan ne gurbin waƙafi. A Turanci kuwa wannan zato yana jawo kurakurai da yawa.

1.2 Alamomin Rufe Jumla

Alamomi uku ke rufe jumla: aya (.), da alamar tambaya (?), da alamar motsin rai (!). Kowace jumla tana farawa da babban baƙi, a nan Turanci da Hausa sun yi tarayya. Abin lura shi ne alamar tambaya tana bin tambayar kai-tsaye kawai:

Where do you live?
He asked me where I lived.

Jumla ta biyu labarin tambaya take bayarwa, don haka aya ce ke rufe ta, kamar yadda ake rubuta "Ya tambaye ni inda nake zaune." Haka kuma Turanci yana rubuta wakilin suna I da babban baƙi a ko'ina ya zo, alhali "ni" na Hausa ba ya samun wannan matsayi sai a farkon jumla.

1.3 Waƙafi

Waƙafi (,) ya fi kowace alama yawan aiki, shi ne kuma ya fi rikita ɗalibai. Ga manyan ayyukansa:

(a) Ware sunan wanda ake kira.

Stop, Audu!
Stop Audu!

A jumlar farko da Audu ake magana, ana ce masa ya tsaya. A ta biyu wani ake umarta da ya tare Audu. Hausa ta raba ma'anonin biyu da siffar aikatau, wato "Tsaya, Audu!" da "Tsayar da Audu!" Turanci ba shi da wannan dama a nan, waƙafi kaɗai ya ɗauki nauyin bambancin.

(b) Raba ganga mai ƙarin bayani da ganga mai tantancewa.

The students who failed the test will repeat the class.
The students, who failed the test, will repeat the class.

Jumla ta farko tana nufin waɗanda suka faɗi jarrabawa ne kaɗai za su maimaita aji. Ta biyu tana nufin dukkan ɗaliban sun faɗi, kuma dukkansu za su maimaita. Shugaban makarantar da ya sa hannu a sanarwa irin ta biyu, alhali ta farko yake nufi, ya mayar da aji guda baya.

(c) Raba abubuwan da aka jero. Bahaushe yakan maimaita "da" a gaban kowane abu: "gero da dawa da masara". Bature yana sa waƙafi a tsakani, ya kawo and sau ɗaya a ƙarshe: millet, sorghum and maize. Wasu marubuta, musamman a Amurka, suna ƙara waƙafi kafin and, abin da ake kira waƙafin Oxford. Duka biyun karɓaɓɓu ne, muddin marubuci ya tsaya a kan ɗaya.

Akwai kurakurai biyu da ake yawan samu a rubutun ɗaliban da Hausa ce harshensu na farko. Na ɗaya shi ne haɗa cikakkun jumloli biyu da waƙafi kawai: The rain stopped, we went to the farm. A Hausa babu laifi a rubuta "Ruwa ya ɗauke, muka tafi gona", domin "muka" ta riga ta nuna cewa aiki na biyu ya biyo bayan na farko. Aikatau na Turanci ba ya ɗauke da wannan alama, don haka sai an sa aya, ko waƙafi mai ruwa, ko mahaɗi irin su and ko so. Kuskure na biyu shi ne sa waƙafi tsakanin aikau da aikatau: The man who sold us the goat, has travelled. Ko da mai karatu zai numfasa bayan goat, nahawun Turanci bai yarda a raba su da waƙafi guda ba.

1.4 Waƙafi Mai Ruwa da Ruwa Biyu

Waƙafi mai ruwa (;) yana haɗa cikakkun jumloli biyu masu kusancin ma'ana: Binta teaches Hausa; her sister teaches English. Hanyar gwaji ita ce a cire shi a sa aya. In kowane ɓangare ya tsaya da ƙafarsa, to an sa shi a muhallinsa. Ruwa biyu (:) kuwa share fage yake yi wa abin da ke tafe, ko jeri ne ko bayani: She bought three things: rice, oil and salt. A rubutun ilimi, abin da ya gabaci ruwa biyu ya kamata ya zama cikakkiyar jumla.

1.5 Alhamza

A nan ne harsunan biyu suka fi nisa da juna. Alamar (') ta shiga Turanci daga Faransanci a ƙarni na 16, kuma aiki biyu take yi. Tana nuna an shafe harafi, kamar a don't da I'm. Tana kuma nuna mallaka, inda gurbinta ke bayyana tilo ko jam'i:

the girl's books (littattafan yarinya)
the girls' books (littattafan 'yan mata)

Ba a amfani da ita wajen gina jam'i, don haka two book's kuskure ne. Haka nan its na mallaka ba ya ɗaukar ta, domin it's taƙaitawar it is ce ko it has.

A Hausa kuwa wannan alama baƙi ce mai wakiltar sauti, kamar a "sa'a" da "ma'ana" da "jama'a". Idan aka cire ta daga "'ya", kalmar ta koma "ya", ma'ana ta sauya. A Nijar ana rubuta 'y da harafi mai lanƙwasa, wato ƴ. Mallaka kuma da -n ko -r ake nuna ta. Wajibi ne malami ya fayyace wa ɗalibai cewa siffar ɗaya ce, aikin daban.

1.6 Karan Ɗori da Alamar Zancen Wani

Karan ɗori (-) yana ɗaure kalmomi su zama abu guda. A small-business owner mai ƙaramar sana'a ne, amma in aka cire karan ana iya fahimtar cewa mutumin ne ƙarami. Recover warkewa ce ko maido da abu, re-cover kuwa sake rufewa. Hausa ta fi amfani da shi a ninki da harɗaɗɗun kalmomi, kamar "tafiye-tafiye" da "dafa-duka".

Alamar zancen wani tana killace ainihin kalmomin mai magana. Mawallafan Ingila sun fi amfani da mai ƙwaya ɗaya, na Amurka kuma mai ƙwaya biyu, suna kuma shigar da aya da waƙafi cikinta kusan ko da yaushe.

1.7 Muhimmancin Alamomin Rubutu

Misalan da suka gabata sun nuna cewa alama guda tana iya juya ma'ana. Wannan ya wuce batun aji, ya kai har gaban alƙali. A Jihar Maine ta Amurka, doka ta jero ayyukan da ba a biyan kuɗin ƙarin lokaci a kansu, jerin ya ƙare da packing for shipment or distribution, ba tare da waƙafi kafin or ba. Direbobin kamfanin madara na Oakhurst Dairy suka ce wannan aiki ɗaya ne, wato ɗaure kaya domin aikawa ko rabawa, su kuwa rabawa kawai suke yi, ba sa ɗaurewa. Kamfanin ya ce ayyuka biyu ne. A 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta ce jumlar tana da harshen damo, ta fassara ta yadda zai amfani direbobin. A 2018 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 5.

Lissafi ma bai tsira ba. A Turanci waƙafi ke raba dubbai, ɗigo kuma ke nuna ɓangaren lamba, don haka 1,500 dubu ɗaya da ɗari biyar ne. A Faransanci, wanda aka daɗe ana karatu da shi a Nijar, waƙafi ke nuna ɓangaren lamba, sai 1,500 ta zama ɗaya da rabi. Ɗan kasuwar Kano da ke musayar takarda da na Maraɗi yana bukatar sanin wannan.

Ga malami kuwa, tambayoyin jarrabawa da sakamakon ɗalibai da wasiƙun ofis duk suna bi ta hannunsa. Tambayar da aka sa wa waƙafi ba a muhallinsa ba tana iya kayar da ɗalibin da ya san amsa.

1.8 Dabarun Koyarwa

Haddar ƙa'idoji ba ta wadatarwa. Zai fi amfani malami ya rubuta tagwayen jumloli a allo, waɗanda alama kaɗai ta bambanta su, ya nemi ɗalibai su fassara kowace zuwa Hausa. Fassarar ce za ta tona ko sun gane. Yana iya ba su sakin layi da aka cire wa alamomi su mayar, kowa ya kare zaɓinsa da hujjar nahawu. A lokacin shifta, kada ya riƙa ambaton alamomin. Wajen gyaran insha'i kuma, ya ja layi a ƙarƙashin kuskuren, ya bar ɗalibi ya gano gyaran da kansa.

1.9 Kammalawa

An ga yadda alamomin rubutu suka faro a matsayin jagoran numfashi, suka koma masu nuna ginin jumla. An kuma ga cewa Hausa da Turanci sun yi tarayya a siffofin alamomin, amma sun bambanta a aikin waƙafi da alhamza da karan ɗori. Malamin da ya san waɗannan wurare zai iya hango kuskuren ɗalibinsa tun kafin ya auku, ya kuma bayyana masa dalilinsa.

Tambayoyi

1. Kawo dalilai biyu da suka sa malamin Hausa ke bukatar sanin alamomin rubutun Turanci.
2. Bambanta aikin alhamza a Hausa da aikinta a Turanci, tare da misalai uku-uku.
3. Fassara waɗannan zuwa Hausa, ka bayyana bambancinsu: Call, Ladi. / Call Ladi.
4. Gyara wannan jumla ta hanyoyi uku: The bell rang, the pupils went home.